Wayar da Ba Ta Taɓa Ɗumi Ba

Duk wanda ya taɓa hawa bene na biyu a ginin majalisa ya san Uwar Waya, ko da bai san sunanta na yanka ba, don ita kanta sai ta ɗan yi jim kafin ta tuna shi. Gajeriya ce kakkaura, da tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da baƙin zare. Mazauninta kujerar katako ce a bakin ƙofar ɗakin kwamiti, gefenta wata kabad mai gida arba'in, kowane gida da lambarsa. Aikinta ɗaya ne tak. Ranar da za a yi zaman sirri, kowane ɗan majalisa ya miƙa mata wayarsa, ta kashe a gabansa, ta sa a gida, ta ba shi lambar roba. In an tashi ya dawo da lamba ya karɓi abinsa. Shekara goma sha tara tana wannan aiki, ko murfin waya bai taɓa ɓata a hannunta ba.

Abin kunya ne ya haifi kujerar. Can baya wani ɗan majalisa ya duƙa ƙarƙashin tebur ana tsaka da zaman sirri, ya raɗa wa dillalinsa abin da ake shirin yankewa, kafin a buɗe ƙofa dillali ya saye hannun jarin wani kamfani tun yana arha. Da maganar ta fasu sai aka yi doka, kada waya ta ƙara shiga ɗakin. Aka rasa wanda za a ba ajiya, don kowa aka kawo sai a ce ai wannan da murmushi ɗaya za a saye shi. Sai wani ya tuna da matar da ke goge daɓen benen, wadda ta taɓa tsayar da Kakakin majalisa da muƙarrabansa a kan matakala, ta ce ba mai wucewa sai ƙasa ta bushe. Kuma suka tsaya ɗin! Washegari aka karɓe tsumman hannunta aka ba ta kujera. Albashin dai ba a taɓa shi ba, yana nan a mataki na ƙasa, wanda doka ta ce ba a biyan kowa ƙasa da shi.

Kabad ɗin ma mijinta Malam ne ya ƙera. Kafinta ne na gaske, irin wanda in ya haɗa ƙofa sai gidan ya rushe ya bar ta a tsaye. Yanzu yanar ido ta rufe masa gani, sai ya koma zama a bakin ɗaki da rediyo a cinya, yana goge ƙananan katakai da lalube. Daga rediyon nan ya zama masanin siyasa, ba abin da bai sani ba, har wanda ba a tambaye shi ba. Tun ranar da aka ba ta kujera yake kiranta Shugaba. Da yamma in ya ji takunta a tsakar gida sai ya rage murya ya ce, to, majalisa ta tashi, a kawo wa talakawa ruwa. Ita kuma ta ce masa talakan da ya iya surutu haka ai ya iya miƙa hannu randa.

Ɗaki biyu suke haya a wani gida mai ƙofofi da yawa. A nan ta haifi 'ya'yanta huɗu, a jikin ƙyauren akwai zanen tsawon kowane ɗa da Malam ya yi da ƙusa. Kuma Malam ya san ɗakunan nan da tafin ƙafa: taku huɗu daga gado zuwa ƙofa, taku tara zuwa famfo, ba mai riƙe masa hannu. To nan fa damuwar take. Ƙarshen shekarar Uwar Waya za ta yi ritaya, fansho kuwa da albashin ƙarshe ake auna shi. In a tsohon albashi ta sauka, abin da za ta riƙa karɓa ba zai riƙe haya da ci ba, dole su tattara su koma gidan surukinsu, mijin Auta. Surukin mutumin kirki ne, shi ya fara tayi ma. Amma Malam a baƙon gida sai an ja shi zuwa banɗaki, ita kuwa ta gwammace komai da ta ga ranar. Duk da haka ta fara tara kwalaye tana cusa kaya a hankali, tana turawa ƙarƙashin gado, tana ce masa shara take ragewa. Shi kuma yana jin ƙarar salatif, ya yi kamar bai ji ba.

Mafita ɗaya ce, ƙarin mafi ƙarancin albashi. Ƙudirin kuwa yana bayan ƙofar da take gadi, shekara biyu cur, a hannun kwamitin da wani dogon mutum mai fara'a yake shugabanta. Ciyaman kowa ke ce masa. Wallahi ba za ka ƙi shi ba in ka gan shi. Shi kaɗai ke tsayawa ya ce, Mama ya ƙafa, ya mai jiki da idon? Sai dai duk zaman da aka yi, a fito a ce an ɗage. Yau ana jiran alƙaluma, gobe ana jiran ƙwararru, jibi ƙwararrun sun zo amma alƙaluman sun tsufa.

Ita Uwar Waya ba ta yi boko mai nisa ba, amma shekara goma sha tara sun koya wa tafin hannunta karatu. Waya in ta fito daga aljihun mai amfani da ita, da ɗumi take zuwa. Ta wani har zafi take, ka san tun daga mota yake masifa da wani. Ta wata da ƙamshin man shafawa, ta wani da maiƙon abinci a gilashi. Idonta a rufe za ta gaya maka ta wane ce. Ta Ciyaman kuwa wata tsohuwa ce mai madannai, kullum sanyi ƙalau, ba nauyi, ba haske. In ta danna don ta kashe sai ya yi dariya ya ce, Mama ai na hutar da ke, a kashe take. Da fari har burge ta ya yi, ta ce ga babban mutum da bai ɗauki duniya da zafi ba. Ta lura dai da abu ɗaya, ba ta ba shi muhimmanci ba: da ya zauna, kafin Saje mai tsaron ƙofa ya ja ƙyaure, sai ya sunkuya yana gyara safar ƙafar dama.

Auta ce ta fara tsokano zancen. Tana aikin shara a wani katafaren kamfani da ke ba ofisoshi da asibitoci hayar masu shara da masu gadi, dubban mutane, duk a mafi ƙarancin albashi. Wata ranar hutu ta zo gaishe su, tana tsince wa uwarta shinkafa, sai ta ce abin mamaki, manajansu yakan san an ɗage zaman kwamiti tun kafin rediyo ya faɗa. Ranar nan ma tana goge masa tebur, sha ɗaya da rabi, ya kalli waya ya yi tafi ya ce an sake ɗagewa. Uwar Waya ta ajiye wuƙar da take yanka albasa. Ranar ba a buɗe ƙofa ba sai ƙarfe ɗaya, ita ce shaida.

Malam ya gyara zama, don an zo fagensa. Ya ce ai da aka karanta kadarorin da 'yan majalisa suka bayyana, ya ji da kunnensa Ciyaman yana da hannun jari a wannan kamfanin. Ya ce mata ta ɗauka kamfani tebur ne, kowane mai jari yana da katako ɗaya a jiki. In an ƙara albashi, riba ta ragu, katako ya yi arha. In an ɗage, katako ya yi tsada. Wanda ya riga kowa ji, shi zai saya da safe ya sayar da yamma. Uwar Waya ta ce to ta yaya Ciyaman zai aika saƙo waje, alhali wayarsa tana gida na ɗaya a kabad? Malam ya juyo da fuskarsa wajen muryarta.

"Shugaba," ya ce, "wayar da kike ajiyewa, kin taɓa ganin ta a kunne?"

Kunya ce ta fara kama ta kafin haushi. Shekara biyu tana goge gawar waya da hankici, tana sa ta a gida na ɗaya da hannu biyu, ashe da ita ake wasa. Abin da ya fi ci mata rai ma wannan "Mama ya ƙafa" ɗin. Ta tashi ta zuba shinkafa a ruwan da bai tafasa ba, ranar kowa ya ci da haƙuri.

To amma me za ta yi? Ba ta da ikon laluben kowa, balle ta ce wa ɗan majalisa ɗaga wandonka. In ta yi zargi ba hujja, saura wata uku ta yi ritaya, za a kore ta ne, fanshon ma gaba ɗaya ya bi ruwa. Auta ta roƙe ta ta rufa musu asiri ta yi shiru. Malam bai ce yi ba, bai ce bari ba. Abin da ya tambaya kawai shi ne, me dokar ta ce game da aikinta? Ta karanto masa da ka, don ta haddace: ta karɓa, ta kashe a gaban mai ita, ta ajiye. Ya ce to shi dai a sana'arsa ba a rufe ƙofar da ba a buɗe ba. Ya ƙara muryar rediyo abinsa.

A zama na gaba, da aka ja ƙyaure, ta ɓalle bayan wayar Ciyaman da farce. Ba batir. Wayam, sai ƙura. Ta kwafi lambar da ke jiki a tafin hannu da biro, ta mayar da murfi. Ranar hutu ta shiga layin masu gyaran waya, shago zuwa shago, ana yi mata dariya, ana cewa Mama wannan ai sai gidan tarihi. Sai can ƙuryar layin wani dattijo ya zazzage wani tsohon gwangwani ya samo batir ɗin, har da cajarsa mai siririn baki. Kuɗin ya kai na motar kwana uku, don haka kwana uku da ƙafa ta je aiki, tana tafe tana mita.

Ranar zaman ƙarshe na shekara ta zo. In aka ɗage wannan, sai baɗi, ita kuwa baɗi ba ta nan. 'Yan jarida sun cika baranda, Saje yana ta tura su baya. 'Yan kwamiti suka jeru suna miƙa waya. Bayan Ciyaman akwai mataimakiyarsa, tsohuwar shugabar makaranta da ake kira Hedimistires, mace mai kallon mutum ta saman tabarau har ya tuna laifin da ya yi yana aji uku. Uwar Waya ba ta gaya mata komai ba, ba ta gaya wa kowa ba. Sai ga Ciyaman da fararen kaya masu shara-shara, yana murmushi, yana Mama ya ƙafa. Ya miƙo gawar.

Ta karɓa da hannu biyu, ta ɗan rusuna.

"Ranka ya daɗe, ka yafe ni," ta ce, da muryar nan tata da ba ta iya raɗa ba. "Shekara biyu ina cin amanar aikina a kanka. Doka ta ce in kashe waya a gaban mai ita, taka kuwa ban taɓa kashewa ba, don ba ta taɓa kunnuwa ba. Na samo mata batir. Bari in kunna, in kashe, in sauke nauyi."

Ya ce haba Mama, bar shi kawai, ana jira. Ina! Ta riga ta ɓalle murfin, kowa ya ga ramin. Ta zura batir, ta danna. Wayar ta yi wata tsohuwar waƙa mai kamar kukan gyare, wasu suka fashe da dariya. Uwar Waya ta nisanta ta da ido, ta matso da ita, sannan ta miƙa wa Hedimistires, wai tabaranta ba ya ganin ƙananan rubutu, a taimaka a karanta mata.

Hedimistires ta karanta a fili: a saka layi. Ashe ko layi babu a ciki. Ta dubi Ciyaman ta saman tabarau. Ta ce ikon Allah, to ita da wace waya suka yi magana da safe? Tata tana hannunta ba ta miƙa ba tukuna, sai ta danna lambarsa ba tare da ta ɗauke ido daga kansa ba. Baranda ta yi tsit. Can sai aka ji wani zuu, zuu, daga ƙasa, ƙaurin Ciyaman na dama ya kama walƙiya ta cikin farin yadi, yana haske yana ɗaukewa. Bawan Allah ya dafe ƙafar da ɗaya ƙafar, ya tsaya a karkace. Saje, wanda shekara goma ba a ga haƙorinsa ba, ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa suna rawa.

Uwar Waya ba ta yi dariya ba. Ta miƙa hannu kawai. Ya sunkuya ya zaro ta daga safa, ya ɗora mata a tafi. Zafi zau. Ta kashe a gabansa, ta sa a gida na biyu, ta ba shi lamba biyu.

Ranar Hedimistires ce ta jagoranci zama, don an ce Ciyaman ya janye har a bincika. Minti arba'in aka buɗe ƙofa, ƙudirin da ya shekara biyu yana jiran ƙwararru ya wuce. Bayan sati uku zauren majalisa ya amince. A titi masu shara da masu gadi har rawa suka yi, Auta ta zo da gudu ta rungume uwarta tana kuka tana cewa ita dai ta san Mama za ta iya, ita da ta ce a yi shiru. Sai Malam ya ɗaga hannu, rediyo na karanta ƙarshen sanarwa. Sabon albashi zai fara aiki ranar ɗaya ga watan farko na sabuwar shekara. Takardar ritayar Uwar Waya kuwa ta ce ranar ƙarshe ta tsohuwar shekara. Kwana ɗaya ne tsakani.

Ta zauna a bakin gado, ta yi dariya har hawaye suka zo, daga nan hawayen suka ƙwace. Ta ji zafi ƙwarai, ba ta ɓoye ba. Ta ce ba komai, Auta ta samu, dubbai sun samu. Amma da ta faɗi hakan sai ta ga Malam yana shafa zanen ƙusa a jikin ƙyaure. Washegari ta daina ɓoye kwalaye, ta jawo su tsakar ɗaki ta ci gaba da ɗauri.

Saura kwana shida shekara ta ƙare, Saje ya kawo mata wasiƙa mai hatimi. Ta ce shi ke nan, kora ce. Ashe an kafa kwamitin bincike a kan safar Ciyaman, ita ce shaida ta farko, wayoyin nan biyu kuma suna hannunta a matsayin hujja. Don haka an dakatar da ritayarta, za ta ci gaba da aiki har ranar da kwamiti ya miƙa rahoto. Ta sa Saje ya maimaita mata layin ƙarshe sau uku. Sannan ta tambaye shi, wa'adin kwana nawa aka ba su? Ya ce sati biyu. Ta dube shi, ya dube ta, wannan karon har ta ga giɓinsa.

Jama'a, kwamitin nan wata takwas ya yi. Yau ana jiran lauya, gobe ana jiran ƙwararren waya, jibi ƙwararren ya zo lauya ya tafi hutu. Matar da ta shekara biyu tana tsine wa kalmar "an ɗage" sai ga ta in an fito an faɗa tana cewa Allah ya ƙara basira, a yi a hankali, gaggawa ba ta da kyau. Sau takwas ta karɓi sabon albashi, kuma a kansa aka auna fanshonta. A watannin nan ne aka gano 'yan majalisa masu wayoyi ne, don ba wanda ya ƙara yarda da safarsa: wani ya miƙo biyu, wani uku, har gida arba'in ya kasa. Sai da aka ɗauko Malam a mota ya zo ya lalubi kabad ɗinsa, ya faɗi awon sabon layin gidaje da ka, aka yanka, ya zauna daram. Rahoton da ya fito ya raba Ciyaman da kujerarsa, aka kuma yi doka cewa mai jari a kamfani ba ya zama a kan maganar da ta shafi kamfanin. Ko ana bin ta sau da ƙafa, wannan sai ka tambayi rediyon Malam. Ranar da Ciyaman ya zo karɓar wayoyinsa ya tsaya jim, ya ce Mama ya ƙafa. Ta ce da sauƙi, ranka ya daɗe, ya taka? Shi ma sai da ya yi dariya.

Ranar da ta sauka daga aiki ta dawo gida da rana tsaka, karo na farko cikin shekaru. Malam ya ji takunta ya rage rediyo. Ta wuce ɗaki, ta ɗauko wuƙar albasa ta fara tsarge salatif ɗin kwalaye ɗaya bayan ɗaya. Kofuna suka koma kan kanta, hotuna suka koma ƙusoshinsu, jakarsa ta ƙusoshi da guduma ta koma bayan ƙofa. Yana zaune yana saurare, bai tofa ba, shi da ba ya iya shiru. Da ta gama ta fito ta ce masa sharar nan da ta tara, ta duba, duk mai amfani ce.

Ya ajiye rediyo a ƙasa. Ya miƙe, ba sanda, ba hannun kowa, ya taka tara zuwa famfo, ya tari ruwa a kofi, ya tako tara ya dawo, ko ɗigo bai zuba ba.

"Majalisa ta tashi," ya ce, yana miƙa mata. "Sha, Shugaba."